Kazar Gwauruwa da Ta Daina Cin Tsaba

A wani ƙauye akwai wata mace gwauruwa, ana ce da ita Inna Fibi. Ubangiji ya kira mijinta gida, 'ya'yanta kuma duk sun tafi birni neman abin kansu. Abin da ya rage mata a gidan shi ne ɗaki ɗaya, da ɗan ƙaramin rumbu, da kaza guda.

Kada ku raina kazar nan. Wake-wake ce, baƙi da fari, kuma irinta mijin Fibi ne ya kawo shi gidan tun shekarar da suka yi aure. Shekara talatin da wani abu gidan bai taɓa rabuwa da wannan iri ba. Amma a shekarar da mijin ya rasu sai annobar kaji ta shigo ƙauyen, ta share akurkin Fibi tas. Kaji goma sha biyu ta haƙa rami ta binne da hannunta. Ɗan tsako ɗaya ne kawai ya tsira, mace, ko gashin kirki ba ta gama yi ba. Fibi ta sa ta a kwando kusa da gadonta, tana fita da sassafe ta tono mata gara, tana niƙa mata gero a dutse. Ta sa mata suna Marainiya. In Fibi tana tsintar wake, Marainiya na gindin ƙafarta. In tana wanke-wanke, tana nan. Da ita take hira, har maƙwabta suka riƙa yi mata tsiya cewa saura kaɗan ta ɗinka wa kazar nan zane ta kai ta sujada a coci.

To, kun san kajin ƙauye ba su san iyakar gida ba. Da safe a bola ɗaya suke tono, da yamma kowace ta bi wadda ta ga dama. Saboda haka matan ƙauyen suna da al'ada, kowace takan ɗaura wa 'yan tsakinta ɗan tsumma a gindin fiffike, wannan ja, wancan shuɗi, don a san na wa ne. Da zaren auduga ake ɗaurawa, shi kuwa in ya sha ruwan sama kwana biyu sai ya ruɓe ya faɗi. Irin wannan faɗuwa ce ta taɓa haɗa Fibi rigima da maƙwabciyarta Lantana a kan wata sagara, kowace ta rantse tata ce, har suka yi wata guda ba sa gaisawa. Fibi ba ta manta ba. Don haka da ta tashi yi wa Marainiya shaida, sai ta zaro farin zare daga tsohon buhun taki, irin wanda ruwa ba ya ci, ta ɗaura jan tsumma da shi, ta ƙulla har sau uku. Bayan 'yan watanni tsumman ya yage a ƙaya ya ɓace. Fibi ta ga babu shi, ta ce ba komai, yanzu ai duk ƙauyen an san Marainiya.

Kaza ta girma, ta yi ƙiba, ta fara ƙwai. Fibi tana tara su a ƙwarya cikin dusa, tana lissafin ranar da za ta sa ta kwanci, akurki ya sake cika kamar lokacin da maigida ke da rai.

Ana nan, wata safiya Fibi ta watsa tsaba, ta yi kira yadda ta saba. Kajin maƙwabta suka ruga a guje, marasa kunya, amma tata ba ta zo ba. Ta same ta a gindin rumbu, ta takure, ta saki fiffike ɗaya ƙasa, idanu a lumshe. Fibi ta tuna, haka sauran ma suka fara.

Amma Fibi ba baƙuwar kaji ba ce, ba ta tsaya kuka ba. Ta shiga akurki ta duba kashin kazar, ta ga ba zawo, ba kore ba ne irin na annoba. Ta durƙusa ta kasa kunne, ba ta ji kakari a maƙogwaro ba. Wuya bai karkace ba, hanci ba majina. Ta cafke ta ta ƙafafu, ta buɗe bakin ta leƙa, ta shafa cikin ko ƙwai ne ya maƙale, ta juya tafin ƙafa ko ƙaya ce. Babu ko ɗaya. Jikin dai da zafi. Kazar kuwa sai kuka take yi tana maƙe fiffiken hagu a jikinta, tausayi ya kama Fibi, ta yi maza ta sake ta. Ta ce a ranta, wadda ba ta da lafiya ba a ƙara mata wahala.

Kafin rana ta yi tsaka labari ya zaga unguwa, likitoci kuma suka fito. Ku zo ku ga masana! Ba wanda ya shigo gidan, don kowa na tsoron ya kwasa wa kajinsa a tafin ƙafa, sai dai ta saman danga ake leƙe ana ba da magani. Lantana ta ce sanyi ne, a daka barkono a zuba a ruwan sha. Wata tsohuwa ta ce tsutsar ciki ce, a jiƙa ɓawon maɗaci. Wani mai wucewa da keke, wanda ko kazar bai gani ba, ya ce ƙwarƙwata ce, a barbaɗa toka. Fibi ta yi duka, domin mai tsoro ba ya zaɓen shawara. Ranar kasuwa ta taka har bakin titi ta sayo kafso ja da rawaya wajen mai tebur, ta fasa ta kwaɓa da dusa. Baiwar Allah Marainiya ta sha yaji, ta sha ɗaci, ta yi wanka da toka, sai ƙara ramewa take yi. Ranar ta huɗu ko ƙwayar gero ɗaya ba ta tsinta ba.

A rana ta biyar da hantsi Lantana ta shigo ta ƙofa, ba ta saman danga ba. Ta gaida Fibi a ladabce, ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana murza bakin zanenta. Lantana ba muguwa ba ce, kada ku ɗauke ta haka. Kaji goma sha tara gare ta, da ƙwansu take ciyar da yara biyar, mijinta kuwa ciwon baya ya kwantar da shi tun bara.

Ta ce, "Inna, ki yi mini gafara da abin da zan faɗa. In annobar nan ce ta dawo, ni ban san inda zan sa kaina ba. Ki bari a yanka ta tun tana da sauran nama, kafin ta zama mushe ta ja namu."

Fibi ta so ta ce ba annoba ba ce. Amma in ba annoba ba ce, mece ce? Ta tuna ramin da ta binne goma sha biyu, ta dubi idon Lantana, ta ga irin tsoron da ita ma ta sani. Ta ce ta ji, ta yarda.

A ƙauyen mace ba ta yanka, saboda haka Fibi ta je da kanta ta kira Baba Nomau, wani tsoho abokin mijinta, wanda shi ke yi wa gidajen da ba namiji yanka. Ta dawo ta hura wuta, ta ɗora ruwan figa. Tana iza itace tana share ido, tana cewa hayaƙi ne. Ba ta yi niyyar cin naman ba, ta riga ta ƙudura za ta ba Lantana ta dafa wa yara. Abin da ke cin ranta shi ne, daga yau babu sauran abu mai numfashi a gidan nan da hannun mijinta ya kawo.

Baba Nomau ya iso yana dogara sanda, ya zauna a kututture, ya wasa wuƙa a dutse ba gaggawa. Ya ce a ba kazar ruwa tukuna, don ba a yanka dabba da ƙishi. Fibi ta jawo Marainiya daga ƙarƙashin rumbu, ta tsoma mata baki a kasko. Sa'an nan tsohon ya ce bayansa ba ya sunkuyawa kamar da, sai dai ita ta haɗa masa fukafukan biyu ta baya ta riƙe, shi ya taka ƙafafun.

Fibi ta sa hannu ƙarƙashin fukafukan, ta ɗaga su sama ta haɗa. Nan take kazar ta ƙwala wani irin kuka. Fibi ta riƙe kaji da yawa ana yanka su, ta san kukan tsoro, wannan ba shi ba ne. Ta ji yatsunta na hagu sun jiƙe, wani wari kuma ya bugi hancinta.

Ta ce, "Baba, dakata."

Tsohon ya ce haka tausayi yake yi wa kowa in an zo nan, ta kau da kai kawai, yanzu za a gama. Fibi ba ta kau da kai ba. Ta zaro hannunta ta nuna masa, ga mugunya da jini a yatsunta.

Baba Nomau ya ajiye wuƙa a ƙasa. Ya karɓi kazar ya kwantar da ita a cinyarsa, ya ce wa Lantana ta matsa daga gaban haske. Ya ɗaga fiffiken hagu a hankali, kazar na fisge-fisge, shi kuwa bai saki ba. Ya hura gashin da bakinsa, ya buɗa da babban yatsa, ya sake hurawa. Ga gindin fiffike ya kumbura suntum, a tsakiyar kumburin kuma wani rami ya zagaye shi kamar zobe, naman ya tsage ya fara ruɓa. Ya ɗauki wuƙar, ya sa tsininta cikin ramin, ya ɗan ɗago wani abu fari mai ƙyalli. Zare ne. Kaza ta yi ta girma, zaren bai girma ba, sai ya nitse cikin nama, gashi ya rufe.

Lantana ta dafe ƙirji. Ta ce wannan aikin mugun mutum ne, wane mara tsoron Allah ne zai yi wa dabba haka, lalle akwai mai baƙin ciki da Inna a unguwar nan. Har ta fara lissafa sunayen waɗanda take zato.

Fibi kuwa idonta na kan zaren. Ta ga ƙulli uku a jere, ta gane su kamar yadda mutum ke gane ɗinkin hannunsa. Da ta yi shiru, da ba wanda zai taɓa sani, ga Lantana ma ta riga ta samo mata masu laifi. Kunya ta rufe ta, don ta tuna ranar da ta ɗaura, tana yi wa tsakon wasa tana cewa yanzu ba mai raba su.

Ta ce, "Lantana, bar kiran sunan mutane. Ni ce na ɗaura. Tun tana 'yar mitsitsiya na ɗaura, don kada ta ɓace mini."

Sai Baba Nomau ya ce, "To, da yake ke kika ƙulla, zo ki riƙe mini ita da kyau. Za ta ji zafi, kada ki saki."

Wannan karon Fibi ba ta saki ba, ko da kazar ta yi kuka ta sassare ta a hannu har jini ya fito. Tsohon ya zura tsinin wuƙa ƙarƙashin zaren, ya juya kaifin sama, ya datse. Ya ja shi a hankali har ya fito duka. Ruwan da aka tafasa don figa, shi aka sirka aka zuba gishiri aka wanke ciwon. Lantana ta ruga gida ta kawo man kaɗanya, ta shafa da hannunta. Baba Nomau ya goge wuƙarsa a ganye, ya ce yau dai an kira shi aiki an hana shi ƙundu, ya kama hanya yana dariya.

Washegari Marainiya ta sha ruwa, ruwa zalla, ba yaji ba ɗaci. Kwana uku ta fara tsintar gero. Fibi tana wanke ciwon safe da yamma har ya kame. Fiffiken dai bai koma daidai ba, har ƙarshen ranta a ɗan saɓule yake, ba ta kuma iya hawa kan danga kamar sauran. Amma ta koma yin ƙwai, ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe tara, bakwai a cikinsu wake-wake. Fibi ta ɗiga wa kowanne galura a ka don shaida, ba ta ƙara ɗaura wa wani zare ba. Lantana kuwa, a ranar nan da yamma ta kama kajinta ɗaya bayan ɗaya ta ɗaga fukafukansu, ta sami wata sagara da zare ya fara ci.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Kazar nan mutum ce daga cikinmu. Ita ce matar da take gaba-gaba a zumuntar matan ikkilisiya, yanzu ta koma kujerar baya, ana tashi ta fice ba sallama. Shi ne ɗanka da yake cika gida da surutu, yanzu sai ka yi tambaya uku kafin ya amsa ɗaya. Ba wanda ke takurewa a gindin rumbu haka kawai.

Masu leƙe ta saman danga kuwa mu ne, har da ni mai wannan magana. Daga nesa muke sanin ciwon kowa. Mu ce girman kai ne, mu ce ya faɗa zunubi, mu ce abokan banza ne. Sai mu daka barkono mu ba shi, wato faɗa da gori da wa'azin da muka karkata don ya same shi a tsakiyar jama'a. In bai warke ba mu ƙara yaji. In ya ƙi dai, sai mu ce a raba shi da sauran kafin ya ɓata su, mu aika a kira mai wuƙa. Ban ce tsoronmu ƙarya ne ba, na Lantana ma gaskiya ne. Amma kwana biyar ana ba da magani, ba wanda ya ɗaga fiffike.

Fibi ma ta duba ko'ina, sai wurin da kazar ke ɓoyewa. Ta kira abin tausayi. Mu ma haka muke yi, in muka taɓa wani wuri muka ji mutum ya zabura, sai mu janye hannu mu ce kada mu dame shi. Sau da yawa ba shi muke tausaya wa ba, kanmu muke ji wa tsoron abin da za mu gani.

Zaren fa? Nan ne maganar take da nauyi, don ba maƙiyi ne ya ɗaura shi ba. Iyaye, ku ji ni. Malamai da dattawan ikkilisiya, ku ji ni. Akwai kalmar da ka faɗa wa yaro yana shekara bakwai don ya gyaru, cewa shi ba zai taɓa yin abin kirki ba. Akwai alkawarin da kika sa 'yarki ta yi miki don kada ta yi nisa da ke. Akwai kuskuren da mutum ya yi shekara goma da suka wuce, ya tuba, amma har yau da shi ake kiransa. Kai ka manta, tsumman ya daɗe da faɗuwa. Shi kuwa ya yi ta girma a cikin zaren nan, yana ci masa nama a inda ido ba ya gani.

Ubangijinmu bai tsaya a bayan danga ya aiko mana da magani ba. Ya shigo gidan, ya ɗauke mu a hannu, ya taɓa wurin da ke wari, wuƙar da ta cancanci wuyanmu kuma ya juya ta ta datse abin da ya ɗaure mu. Wanda aka yi wa haka ba shi da hujjar tsayawa nesa da ɗan'uwansa.

Saboda haka in kun koma gida yau, ku duba wanda ya daina zuwa in an watsa tsaba. Kada ku aika masa da saƙo, ku je ku zauna kusa da shi, ku tambaya, ku jure amsar ko da ta sare ku a hannu. Wataƙila fiffiken ba zai koma daidai ba, amma mutumin zai rayu. In kuwa kun buɗa gashin kuka ga ƙullin hannunku ne, kada ku bari a kira sunan wani. Ku faɗi abin da Inna Fibi ta faɗa, ku ce, "Ni na ɗaura," sa'an nan ku riƙe shi da kyau har a kwance.